FlatOut: Yadda sunan wasa ya rabu da waɗanda suka ƙera shi

A watan Disamba na shekarar 2011, wani wasan kwamfuta mai suna FlatOut 3: Chaos & Destruction ya shiga kasuwa. Masu sha'awar wasannin tseren mota sun tarbe shi da ɗoki, domin FlatOut suna ne da suka sani suka kuma amince da shi tun shekarar 2004. Ba a yi nisa ba murna ta koma ciki. Mujallar Edge ta Ingila, wadda ta yi suna wajen tsaurin bayar da maki, ta ba shi 1 cikin 10. A shafin Metacritic, inda ake tattara makin masu sharhi a fitar da matsakaici, wasan ya tsaya a 23 cikin 100, abin da ya jefa shi cikin jerin wasannin kwamfuta mafiya muni da shafin ya taɓa aunawa.

Abin da yawancin masu saye ba su lura da shi ba shi ne, kamfanin da ya ƙera FlatOut na ɗaya da na biyu ba shi da hannu ko kaɗan a wannan na uku. Sunan ne kawai ya rage a jikin kwali. Tarihin wannan jerin wasanni, daga tashinsa zuwa faɗuwarsa, da kuma yadda maƙeransa na asali suka sake dawowa da wani suna, ya ƙunshi tambayar da ta shafi duk mai rayuwa da basirarsa: tsakanin wanda ya yi aiki da wanda ya mallaki takarda, wane ne mai abu?

Asalin karon motoci

Kafin ya shiga kwamfuta, karon motoci wasa ne na zahiri. Ya yi ƙarfi a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, musamman a bukukuwan baje kolin amfanin gona na karkara. Ana tara akwalayen motoci a fili guda mai laka, a cire musu gilasai, direbobi su yi ta gwara su da gangan, har sai mota ɗaya ta rage tana motsi. Ita ce zakara. Wasan yana da dokokinsa: an hana dukan ƙofar direba, kuma galibi ana shafa mata fenti na daban domin kowa ya gan ta. Gwanaye sun fi kai hari da ribas, saboda inji da lagireto suna gaba, kuma da zarar lagireto ya fashe mota ta kusa mutuwa.

Ingila tana da nata salon, inda ake tsere da tsofaffin motoci a zagayayyen fili kuma an yarda a ture abokin hamayya. Ƙasar Finlan ma tana da tseren da suke kira Jokamiesluokka, wato ajin kowa da kowa. Wannan tsere yana da wata doka mai ban sha'awa: bayan an gama gasa, kowa na iya taya motar kowane direba a kan ƙayyadadden farashi, kuma mai motar ba shi da ikon ƙin sayarwa. Hikimar ita ce kada mai kuɗi ya narka dukiya a mota ya danne talaka. Daga wannan al'ada ta tseren masu ƙaramin ƙarfi ne maƙeran FlatOut suka fito.

Wanda ya share fage

Wasan da ya fara kai karon motoci gidajen jama'a da yawa shi ne Destruction Derby, wanda kamfanin Reflections Interactive na birnin Newcastle ya ƙera ƙarƙashin jagorancin Martin Edmondson, kamfanin Psygnosis na Liverpool kuma ya fitar da shi a 1995, a farkon zamanin na'urar PlayStation. Motoci 20 ne ke shiga fili a lokaci guda, kuma ana ba ɗan wasa maki gwargwadon yadda ya wulwula motar abokin karawa: kwata, rabi, ko cikakken zagaye. Jikin mota yana lanƙwashewa a daidai inda aka buge ta, abin da ya kasance sabo a idon 'yan wasa na wancan lokaci. An sayar da kwafi sama da miliyan ɗaya, na biyu kuma ya biyo baya a 1996.

Daga nan Reflections ya juya ga wani sabon aiki, wato Driver na 1999, sunan Destruction Derby kuma ya ci gaba da zama a hannun masu fitar da shi. Aka miƙa shi ga wasu maƙera. Studio 33 ya yi Destruction Derby Raw a 2000, sannan Destruction Derby Arenas a 2004, wanda bai samu karɓuwa ba, kuma daga shi jerin ya tsaya. A wannan shekarar ce wani ƙaramin kamfani a Helsinki ya shigo fagen da aka bari.

Shigowar Bugbear

An kafa Bugbear Entertainment a Helsinki a shekarar 2000, Janne Alanenpää na cikin waɗanda suka assasa shi kuma ya jagorance shi. Wasansu na farko, Rally Trophy na 2001, ya nuna inda gwanintarsu take: sanya mota a cikin kwamfuta ta yi nauyi, ta zame, ta karkata kamar ta gaske. A ƙarshen 2004 suka fitar da FlatOut a PlayStation 2 da Xbox da kwamfuta, ta hannun kamfanin Empire Interactive na Landan. Wasan ya isa Amurka a 2005.

Abubuwa uku suka bambanta shi. Na farko, hanyar tsere cike take da tarkace: tayoyi, ganguna, shingayen katako, allunan talla. Idan ka buge su suna watsewa, kuma suna nan a kan hanya har zagaye na gaba, ta yadda ɓarnar da ka yi ɗazu za ta iya kayar da kai anjima. Na biyu, wasan yana biyan ɗan wasa ladan ɓarna: gwargwadon abin da ka fasa, gwargwadon ƙarin ƙarfin gudu da za ka tara. Na uku, wanda ya fi jawo magana, shi ne direba. Idan karo ya yi tsanani, sai ya fasa gilashin gaba ya yi sama kamar 'yar tsana, ya faɗo yana gungurawa. Maƙeran sun mai da wannan abin dariya, suka ƙirƙiri ƙananan wasanni inda ake harba direba ya yi tsallen nisa, ko tsallen tsawo, ko a jefa shi kan allon saiti.

Ba kowa ne ya ga abin dariya a ciki ba. A Jamus, inda hukumar tantance wasanni ke da tsauri a kan nuna cin zarafin jikin mutum, an sauya direbobin da gumakan roba irin waɗanda masana'antun mota ke gwajin hatsari da su.

Akwai kuma wani dalili na kasuwanci da ya ba FlatOut 'yanci. Manyan wasannin tsere irin su Gran Turismo na Japan suna amfani da motoci na gaske, da izinin kamfanonin da ke ƙera su, kuma waɗannan kamfanoni ba su cika son a nuna hajarsu a murƙushe ba. Shi ya sa aka daɗe ana ganin mota ta daki bango da gudu a irin waɗannan wasanni ta fito ko ƙwarzane babu. Motocin FlatOut ƙagaggu ne, babu tambarin kowa a jikinsu, saboda haka babu wanda za a nemi izininsa kafin bamba ta faɗi ko ƙofa ta ɓalle.

Masu sharhi sun yaba da wannan sabon salo, amma sun yi ƙorafin cewa tuƙin yana da wuya, hanyoyin kuma suna kama da juna. Makinsa ya tsaya a kusa da 70 cikin 100.

Shekarun ganiya

FlatOut 2 ya fito a 2006, kuma har yau shi masoya jerin suka fi ambato. An raba motoci gida uku: akwalayen karo, motocin tsere, da na titi. An ƙara hanyoyin cikin gari, da hamada, da magudanun ruwa. Abubuwan da za a iya fasawa a kowace hanya sun kai dubbai. An ba abokan hamayya sunaye da halaye, wannan mai gudu ne, wancan mafaɗaci ne, ta yadda ɗan wasa kan riƙe wani a zuciya ya yi ta neman ramuwa. Ƙananan wasannin jifa da direba sun ƙaru zuwa 12, an kuma saka waƙoƙin sanannun mawaƙan Amurka da Kanada irin su Rob Zombie da Megadeth da Nickelback. An sassauta tuƙi domin baƙo ya iya shiga, ba tare da an zubar da nauyin motar ba.

A 2007 aka sake gina shi domin na'urar Xbox 360 da sunan FlatOut: Ultimate Carnage, inda motocin da ke tsere suka ƙaru daga 8 zuwa 12, hotuna kuma suka ƙara kyau. Ya isa kwamfuta a 2008, shekarar da FlatOut: Head On ya fito a ƙaramar na'urar hannu ta PSP. Makin waɗannan wasanni ya yi ta kai-kawo tsakanin 70 da 80. Ba su taɓa kamo manyan abokan gasa irin su Burnout da Need for Speed a ciniki ba, amma sun samu jama'arsu masu riƙon amana, musamman a Turai da tsakanin masu wasa a kwamfuta.

Kura da shan bugu

Domin a fahimci abin da ya biyo baya, sai an san yadda wannan sana'a take tafiya. Akwai maƙera, su ne masu zane da rubuta umarnin kwamfuta da gwaji. Akwai kuma masu fitarwa, su ne masu jari: suna biyan kuɗin aiki tun kafin a gama, su buga faifai, su yi talla, su kai kasuwa. A mafi yawan yarjejeniyoyin wancan zamani, mai fitarwa shi ke riƙe haƙƙin mallakar suna, kuma maƙeri ba ya fara cin riba sai mai jari ya mayar da abin da ya kashe. Ƙaramin kamfani da ke neman albashin ma'aikatansa na wata mai zuwa ba shi da bakin yin ciniki mai tsawo. Yakan sa hannu.

Haka sunan FlatOut ya kasance a hannun Empire Interactive. A watan Mayu na 2009, a tsakiyar matsin tattalin arzikin da ya girgiza duniya, Empire ya durƙushe, aka sallami ma'aikatansa, aka sayar da haƙƙin wasanninsa kamar yadda ake sayar da kujeru da kwamfutocin kamfanin da ya karye. A idon doka, suna kadara ce. Wanda ya biya shi ne mai ita, ko da bai taɓa zana taya ɗaya ba. Sunan ya sauya hannu har ya kai ga Strategy First, wani kamfanin fitar da wasanni na birnin Montreal a Kanada. Bugbear kuwa ya tashi da gwanintarsa da fasahar da ya gina, amma ba shi da ikon kiran wani sabon wasa da sunan da ya raina.

Kwali ɗaya, kaya daban

Sabbin masu sunan suka ba kamfanin Team6 Game Studios na ƙasar Holan aikin. Ya fara da wani FlatOut na na'urar Wii a 2010, wanda ya wuce ba tare da ya bar tarihi ba, sannan FlatOut 3 a 2011. A takarda wasan ya fi magabatansa yawan komai: yawan motoci, yawan hanyoyi, yawan nau'o'in gasa. A hannu kuwa abin ya sha bamban. Masu sharhi sun ce motocin ba sa jin sitiyari, karo ba ya bin hankali, motocin da kwamfuta ke tuƙawa suna ruguzo kan juna tun a kwanar farko, ga kurakurai birjik. Abin da ya sa FlatOut ya zama FlatOut, wato jin nauyin ƙarfe idan ya haɗu da ƙarfe, shi ne ainihin abin da ba a saya tare da sunan ba, domin yana cikin kawunan mutanen Helsinki.

Zafin martanin ya wuce na mummunan wasa kawai. Ana fitar da wasanni marasa kyau kowane wata, a manta da su. Wannan kuwa mutane sun ji an yi amfani da amanarsu: sun ba da kuɗi saboda abin da suka sani a 2006, aka miƙo musu wani abu daban a cikin kwalin da suka saba gani.

An sake gwadawa a 2017 da FlatOut 4: Total Insanity, wanda kamfanin Kylotonn na birnin Paris ya ƙera. Kylotonn ya san aikin tseren mota, kuma wasan ya fi na uku nesa ba kusa ba. Amma sharhin da ya samu tsaka-tsaki ne: an ce ya kwaikwayi siffar FlatOut 2, bai kamo ruhinsa ba. Tabon 2011 kuma bai gama warkewa ba.

Komawa wurin jama'a

A wannan tsakani Bugbear yana ta aikin ƙodago. Ya yi wa kamfanin Namco Bandai na Japan wasan Ridge Racer Unbounded a 2012, wanda ya samu yabo daidai gwargwado amma bai yi kasuwa sosai ba. Daga nan suka yanke shawarar komawa ga abin da suka fi iyawa, ba tare da mai fitarwa ba. Ko suna ba su da shi, sai suka kira aikin Next Car Game, ma'ana wasan mota na gaba.

A watan Nuwamba na 2013 suka buɗe gidauniya a shafin Kickstarter, inda jama'a ke haɗa kuɗi domin a yi wani aiki, suna neman dala 350,000. Abin da aka yi alkawari bai wuce kusan dala 81,000 ba, sai suka janye tun wa'adi bai cika ba. Ga alama kasuwa ta yanke hukunci. Amma maimakon su ci gaba da roƙo da baki, sai suka saki ɗan samfurin fasaharsu: wani fili mai cike da injinan murƙushe ƙarfe, inda mutum zai tuƙa mota ya ga yadda take lotsewa gaɓa-gaɓa. Bidiyoyin wannan samfuri suka bazu a YouTube. Da suka fara sayar da wasan tun bai kammala ba a dandalin Steam a watan Janairu na 2014, cinikin mako guda ya haura dala miliyan 1. Gani ya kori ji.

A cikin 2014 aka raɗa masa suna Wreckfest. Aikin ya ja lokaci fiye da yadda aka zata, har wasu da suka biya tun farko suka fara zargin an yi watsi da su. Sai a watan Yuni na 2018 cikakken wasan ya fito a kwamfuta, ta hannun kamfanin THQ Nordic, sannan a PlayStation 4 da Xbox One a watan Agusta na 2019. Daga baya ya isa PlayStation 5 da Nintendo Switch da wayoyin hannu.

Wreckfest ya koma ga tushe, wato tseren akwalaye irin na karkarar Finlan da Ingila da Amurka. Har motoci 24 kan shiga fili a kwamfuta. Ƙarfe yana lanƙwashewa a daidai inda aka doke shi, kuma lahanin yana shafar tuƙi. Ba a dawo da wasannin jifa da direba ba, amma barkwancin yana nan: ana tsere da injin yankan ciyawa, da bas ɗin 'yan makaranta, da motar girbi, har da kujerar kushin mai inji. Makinsa a Metacritic ya haura 80, sama da abin da yawancin wasannin FlatOut suka taɓa samu, duk da ƙorafin da aka yi a kan jinkirin buɗewa a na'urorin wasa. Masu sharhi da 'yan wasa suka yi ittifaƙi a kan cewa wannan ne magajin FlatOut 2 na gaskiya, ko da yake ba ya ɗauke da sunan gidan.

Inda aka kwana

Da labarin ya tsaya a nan, da sai a ce gwaninta ta yi nasara a kan takarda, a tafa. Amma akwai saura. A watan Nuwamba na 2018, watanni biyar bayan fitowar Wreckfest, THQ Nordic ya sayi kashi 90 cikin 100 na Bugbear, tare da haƙƙin wasanninsa. Uwar kamfanin, wadda ke ƙasar Siwidin, ta sauya suna zuwa Embracer Group a 2019, ta kuma yi ta sayen kamfanonin wasanni da dama. A 2023, bayan wata yarjejeniya ta dala biliyan 2 ta wargaje, Embracer ya shiga rage ma'aikata da rufe wasu kamfanoninsa, ciki har da Volition na Amurka wanda ya shafe kusan shekara 30 yana aiki. Bugbear ya tsira, har ya fara sayar da Wreckfest 2 tun bai kammala ba a watan Maris na 2025. Sai dai a karo na biyu, makomar sunan da ya gina tana hannun wasu.

Bambancin shi ne, a wannan karon an sayi suna tare da mutanensa, kuma masu kamfanin ne suka sayar da kansu bayan sun nuna darajarsu. A 2009 kuwa ba a tambaye su ba. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne, kuma shi ne abin da ya kamata duk marubuci, ko mawaƙi, ko mai shirya fim, ko mai rubuta manhaja ya duba kafin ya sa hannu a takardar mai jari: idan wannan kamfani ya karye gobe, ina aikina zai tafi, kuma wa zai iya amfani da sunansa?

Ga mai saye ma akwai abin lura. Suna a jikin kwali yana gaya maka wanda ya mallaki abu ne kawai. Wanda ya ƙera shi yana can a rubuce da ƙananan haruffa, a bayan kwali ko a ƙasan shafin saye. Waɗanda suka duba wurin a Disamba na 2011 sun tsira da kuɗinsu.

FlatOut na ɗaya da na biyu da Ultimate Carnage suna nan a Steam har yanzu, kuma a 2024 an sabunta su domin su yi aiki a kwamfutocin zamani. Mutane na ci gaba da sayensu, suna ƙara musu motoci da hanyoyin da suka ƙirƙira da kansu, kusan shekara 20 bayan fitowarsu.